Shekarar da Na Kawo Jar Wutsiya Gida

Akwai maganar da na daɗe ina faɗa muku ba daidai ba, kuma tun da na ɗauki biro na san sai na iso kanta. Kun sha ji ina cewa mahaifiyarku ta yarda na kawo maciji na biyu, daga baya ta sauya ra'ayi ta yi fushi ta tafi Tsafe. Na faɗi haka a zaure, na faɗa a kasuwa, na faɗa muku har kuka riƙa tsokanarta kuna cewa Inna matsoraciya ce. A shekarar ku manyan kun yi aure, ƙananan biyu suna makarantar kwana, don haka babu wanda ya gani da idonsa, abin da na faɗa shi kuka riƙe. To ba haka aka yi ba. Hajiya Asabe ba ta taɓa yarda ba, ko da wasa. Ni ne na yi ƙarya, kuma ga yadda abin ya gudana.

Macijin farko ba don sha'awa na ajiye shi ba. Ɓeraye ne suka addabe ni a sitona na kasuwar hatsi a Gusau. Ba a sa guba kusa da abin da mutane za su ci. Na kawo kyanwa, ta yi wata biyu ta yi ƙiba, wata rana na buɗe sito na same ta kwance a kan buhu, ɓera na cin masara a gefen wutsiyarta, babu mai damun wani. A lokacin akwai wani gardi mutumin Bungudu, Nomau, da ke zuwa kasuwa yana wasa da macizai yana sayar da magani. Shi ya kawo mini wata 'yar mesa, tsawonta bai fi kamu biyu ba, irin wadda in ta tsorata take naɗe kanta ta zama kamar curin fura. Na sa mata suna Dunƙule. In zan rufe sito da yamma in sake ta, da safe in same ta ƙarƙashin buhu in mayar da ita akwatinta. Ko ita ta cinye ɓerayen ko warinta suka ji suka yi ƙaura, ban sani ba, amma hatsina ya huta. Shekara uku muna tare. Na saba da ita fiye da yadda ya kamata dattijo ya saba da abin da ke jan ciki. Ranar da na fara ba mahaifiyarku labarinta tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Alhaji, can sitonka ne, ka aje kura ma in ka so," in ji ta. "Amma ranar da abin nan ya tsallako ƙofar wanga gida, ni zan tsallaka in fita. Ka ji ni da kyau."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, ba zan ce ban ji ba.

Wanda ya jawo mini na biyu shi ne Isuhu direba, mai kai mini masara Legas. Wata rana muna zaune a bakin sito ana lodi, ya miƙo mini wayarsa ya ce in kalli wani abu. Na kalla na sake kallo. Macijiya ce mai kauri kamar cinyar ƙato, bayanta da zane kamar an jera ƙananan sirada, amma abin da ya ɗauke mini hankali wutsiyar ce. Ja ce wur, irin jan lallen da ya kama hannu da kyau. Isuhu ya ce sunanta bowa, daga hayin teku ake kawo irinta, can wajen ƙasar Barazil. Wani mutum ne a Legas mai tara dabbobi zai tashi daga gidansa, yana neman masu karɓa. Na yi mako uku ina juya abin. Nomau ya ce in dai ta biyu nake so, ya kawo mini irin Dunƙule, mun san halinta, mun san cimarta. Ni kuwa na sa Isuhu ya yi ta kiran mutumin Legas ina jero tambayoyi kamar mai neman aure. Tana da dafi? Babu. Tana da faɗa? Sanyin hali gare ta. Me take ci? Ɓera babba, zomo, ko kaza, sau ɗaya a mako biyu. Na ji kaina ya yi girma, na ga na yi bincike irin na masu ilimi. Tambaya ɗaya ce ban yi ba: da wa take zaune a kejinta can Legas. Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba kuwa ita ce, ba ɓera ne ya sa na so ta ba. Mutane sun saba da Dunƙule, an daina zuwa kallo, an daina cewa Alhaji Bawa mai maciji. Ni kuma ashe na ji daɗin sunan.

Ta iso cikin akwatin katako a bayan motar Isuhu, tsakanin buhunan gari. Da aka ɗaga murfin, 'yan dako takwas suka watse kamar an jefa musu wuta. Ɗaya ya bar takalminsa, bai dawo ɗauka ba sai washegari. Babbansu ya tsaya daga nesa ya ɗaga murya.

"Alhaji, waccan ƙaramar mun saba da ita, har gaisawa muke yi. Wagga ko, in ta shiga sito, kai za ka riƙa ɗaukar buhunanka a ka."

Kafin azahar shugaban 'yan hatsi ya aiko cewa kada la'asar ta same ta a kasuwa. Ba ni da inda zan kai ta. Na tsaya ina kallon akwati ina tuna maganar mahaifiyarku, sannan na yi abin da bai kamata ba. Na ɗauki hayar a-kori-kura na kai ta gida, na sa aka shigar da akwatin ɗan ɗakin nan na baya kusa da turken awaki, na ce wa Hajiya kayan injin niƙa ne wani ya ba ni ajiya. Ta dubi akwatin, ta dubi ramukan da aka huda a jikinsa, ta tambaya ko injin yana numfashi ne. Na ce don kada ya yi tsatsa. Kwana huɗu ƙaryar ta yi tana aiki. A rana ta biyar na ga baƙuwa ta sha doguwar hanya ba ta ci komai ba, na waiwaya tsakar gida na ga kajin mahaifiyarku. Na ɗauki wake-waken kazar nan da ta fi so na jefa wa macijiyar, na ce a raina gobe in sayo wata in mayar. Ban san mace ta san kajinta kamar yadda ta san 'ya'yanta ba. Da na dawo daga kasuwa na tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakin baya, mayafi a kafaɗa, sauran kajin a cikin kwando an ɗaure bakinsa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Injin niƙan naka ya ci kazata. Ga ta can a tsakiyarsa, ana ganin tudunta."

"Hajiya, tsaya ki ji. Ba ta da dafi."

"Kazar ma haka ka gaya mata?"

Ba ta yi ihu ba, ba ta tara mini maƙwabta ba. Ta ɗauki kwandonta ta tari mai mashin zuwa tasha. Shekara talatin da aurenmu, ranar ce ta fara yin yaji.

Bayan mako guda na shirya biko. Kowa ya san in za ka biko, dattijo mai mutunci kake ɗauka, limami ko aminin mahaifinka, wanda in ya yi magana za a ji kunyarsa. Ni sai na ɗauki Nomau. A tunanina matsalar ta rashin sani ce, in masani ya yi bayani shi ke nan. Lokacin hanya ba ta lalace kamar yanzu ba, muka shiga mota muka sauka Tsafe da hantsi. Kawunku Malam Lawali, yayan Hajiya, wanda shi ne a madadin mahaifinta, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Ya dubi Nomau da layunsa har gwiwar hannu, ya dubi jakar fatar da ke rataye a wuyansa, ya ce a bar jakar a waje. Aka kira Hajiya ta zauna daga bakin ƙofa. Na ba da haƙuri, na yi alkawari uku: zan sa a ƙera keji na ƙarfe mai kwaɗo, ba zan sake taɓa kaza ko ɗaya ba, kuma cikin wata uku zan samo wa macijiyar wani wuri. Malam Lawali mutum ne mai noma da kiwo, tambayar makiyayi ya yi.

"Mace ce ko namiji?"

"Mace ce, Malam."

"To in ta hayayyafa fa? Ɗaya ta kori ƙanwata daga ɗakinta. Goma kuma sai mi?"

Nan Nomau ya gyara zama, don an zo fagensa.

"Malam, shekara arba'in ina cikin macizai, ubana ma cikinsu ya mutu. Mesa ƙwai take yi, manya kamar na dinya. Ta kwanta kansu wata biyu ba ta motsi. Ko makaho ya shiga zai taɓa su. In an gani a kwashe, magana ta ƙare."

"Cikinsu ya mutu, ka ce?" in ji Malam Lawali.

"Tsufa ne, Malam. Tsufa."

Na ɗaga hannu na ce duk ranar da na ga ƙwai, da kaina zan kwashe kafin rana ta faɗi. Malam Lawali ya juya ya ce wa ƙanwarsa ta yi haƙuri ta koma ɗakinta, shi ya tsaya mini. Ku saurari abin da ta ce, don wannan ne wurin da na riƙa yankewa in ina ba ku labari.

"Yaya, ka ce in koma, zan koma. Amma kowa ya shaida, ban yarda ba. Maganarka na bi, ba tashi ba."

Na cika alkawari biyu na farko. Mai walda ya ƙera keji da rodi, tsakanin kowane biyu yatsa biyu ne ke shiga, na gwada da hannuna. Macijiyar da ta kai cinya kauri ina za ta bi? Zomaye nake sayowa daga kasuwa. Na uku kuwa ban ko fara ba. Wata uku suka wuce ban tambayi kowa wuri ba, domin mutane sun fara zuwa kallo, har daga Bungudu, ni kuma ina tsaye ina bayani kamar ni na halicce ta. Hajiya ta daina zuwa can baya wajen awaki, ta mayar da turken gaba. Ba ta tuna mini alkawari ba ko sau ɗaya, sai dai duk ranar da wata ya kama ta ce, "Alhaji, an ga wata," ta ci gaba da aikinta. Ana nan Jar Wutsiya ta daina cin abinci, amma maimakon ta rame sai ƙara kauri take yi daga tsakiya zuwa baya. Na kira Nomau ya duba, ya ce ƙwai ne, da cikinta ta zo daga Legas. Ban gaya wa mahaifiyarku ba. Na ce ai muna da dabara. Kullum bayan asuba in je da sanda in ɗaga gefenta in leƙa, babu ƙwai. Da yamma in leƙa, babu ƙwai. Har kwando na tanada da ƙaiƙayi a ciki.

Ranar wata Laraba cikin damina na leƙa da safe ban ga komai ba, na tafi Magami awon dawa. Rana ta ɗan ɗaga, ina tsakiyar ciniki, waya ta yi ƙara. Hajiya ce, muryarta a kwance kamar za ta ce in sayo gishiri.

"Alhaji, ka zo ka kwashe."

"Ta yi ƙwan?"

"Ban ga ƙwai ba. Abin da na gani yana tafiya da kansa. Ɗaya na cikin butata."

Ban san yadda mai mashin ya kawo ni Gusau ba. Tun daga bakin layi na ga mutane, mata a kan katanga, maza riƙe da sanduna amma babu mai shiga. Na kutsa. Mahaifiyarku na zaune a kan turmi da ta kife a tsakiyar gida, ta naɗe ƙafafu sama, jakarta a cinya. Ko'ina na duba sai in ga abu na motsi. Ƙanana ne, kowane kamar kamu ɗaya, kaurin babban yatsa, kowane da 'yar jar wutsiyarsa sak uwar. Rodin da na gwada da yatsa biyu, su ƙofar gari ce a wurinsu. Ɗaya a cikin takalmina na zuwa masallaci, biyu a bayan randa, ɗaya ya hau tabarmar da aka shanya kuka. Uwar tana kwance a keji ta saɓule kamar buhun da aka zazzage. Aka kira Nomau, ya taho daga Bungudu a guje. Ya tsaya gaban kejin ya daɗe, ya tura hannu ya laluba ko zai sami ɓawon ƙwai ko guda, bai samu ba. Ya cire hula ya share gumi.

"Alhaji, wagga ba mesa ba ce. Haihuwa ta yi kamar akuya. Wallahi ubana bai gaya mini akwai irin wagga ba."

Na juya wajen Hajiya, bakina ya buɗe da kansa, na ce ai ba su da dafi. Ta dube ni, kallon da har yau in na tuna sai in ji na ƙanƙance. Ta sauko daga turmin, ta taka a hankali tana duba inda za ta sa ƙafa, ta fita. Wannan karon ko kajin ba ta ɗauka ba.

Kwana tara muna farauta ni da Nomau. Muka fitar da gado, muka zazzage adaka, muka kwashe kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya, a cikin wata babbar kwalla muka sami uku sun naɗe wuri guda. Ba gidana kaɗai suka tsaya ba. Maƙwabcina tela ya ja aljihun kekensa zai ɗauki zare ya ɗauko wutsiya. Mai unguwa ya kira ni ya yi mini faɗan da ba a yi mini ba tun ina yaro, ina tsugune ina cewa a yi haƙuri. A masallaci sai da aka yi wata guda kowa na girgiza takalminsa kafin ya sa, yana hararata. Muka kama ashirin da uku. Nomau ya yi magana da wasu masu kula da namun daji a wani gari, suka zo da mota suka kwashe uwa da 'ya'ya. 'Yan kasuwa kuma suka ce ba su yarda da Dunƙule ba, wa ya sani ko ita ma tana da nata shirin. Baiwar Allah ba ta yi wa kowa komai ba. Da na miƙa wa Nomau ita ta naɗe a tafin hannuna ta ɓoye kanta, sai da na shiga sito na rufe ƙofa na ɗan jima kafin in iya fitowa.

Wata biyar mahaifiyarku ta yi a Tsafe. A ciki ne ƙananan suka zo hutu suka tarar da gida ba Inna, na ji kunyar faɗin gaskiya, na ƙirƙiro maganar ta yarda sannan ta sauya. Sau biyu na aika dattawa, Malam Lawali ya ce su gaya mini shi ya tsaya mini a gaban ƙanwarsa na kunyata shi, ba zai sake cewa ta koma ba, in ina da magana in zo da bakina. Na koyi dafa shinkafa, na ƙona tukunya biyu. Gidan ya yi mini faɗi. Na gane ba abincin nake kewa ba, muryar da ke ce mini an ga wata nake kewa. Bayan an gama girbi na tafi ni kaɗai. Aka shimfiɗa tabarma a zauren nan dai. Malam Lawali ya amsa gaisuwata a taƙaice ya ce shi yau ɗan kallo ne. Hajiya ta zauna a bakin ƙofa. Na ce an kwashe su duka, har Dunƙule, an fasa kejin, an yi wa gida sabon shafe.

"Nawa kunka kama?"

"Ashirin da uku."

"Nawa ta haifa?"

Tun daga Gusau na san za ta yi wannan tambaya, kuma tun a mota na shirya amsa. In na ce ashirin da uku, babu mai ƙaryata ni a duniya, Nomau ma zai rantse. Kafin yamma da ta koma ɗakinta. Na buɗe baki, sai na ga Malam Lawali ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, mutumin da ya ba da ƙanwarsa a kan maganata. Na ga ita kuma ba harara take yi ba, jira kawai take.

"Ban sani ba, Hajiya. Babu wanda ya ga haihuwar. Mai yiwuwa su ke nan, mai yiwuwa akwai saura a rufi ko cikin katanga. Kuma na san tana da ciki wata guda kafin ranar, na ɓoye miki."

Malam Lawali ya ɗago ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"To," in ji Hajiya. "Tun da abin nan ya zo, yau ka fara yi mini magana. Zan koma gare ka, Alhaji. Amma ba zan koma wancan gida ba. Ba zan ƙare rayuwata ina leƙa buta ba."

Wancan gidan mahaifina ya gina shi da hannunsa. A cikinsa aka haife ni, a cikinsa aka haifi kowannenku, cibiyoyinku suna binne a gindin katangarsa. Na so in ce a ba ni lokaci, na so in ce a kira masu feshi. Na tuna yawan lokacin da aka riga aka ba ni. Na ce na yarda. Ɗaki biyu na kama mana a Tudun Wada kafin in sami inda muke yanzu, gidan kuma ƙanena ya karɓa, shi da bai damu ba. Har yau in na bi ta layin nakan rage tafiya.

Mako ya zagayo na koma ɗaukarta. Malam Lawali ya raka mu tasha da kansa, abin da bai saba ba. Mota ta kusa cika, kwandasta na kiran Gusau mutum biyu, Hajiya ta sa ƙafa ɗaya a ciki sannan ta tsaya ta dubi jakar da ke hannuna.

"Mi ke ciki?"

"Kayana ne, Hajiya. Da ɗan abin da na sayo miki."

"Buɗe."

"A nan? Gaban mutane?"

"A nan."

Na durƙusa a tsakiyar tashar Tsafe, da furfurata da babbar rigata, na zazzage jaka a ƙasa. Hula, darduma, maganin hawan jini, da turmin atamfa. Fasinjoji suna leƙowa ta taga, direba na danna ham, Malam Lawali ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ta karɓi jakar ta kife ta, ta kaɗa, ta tura hannu har ƙasa ta laluba kowane lungu. Sannan ta ɗauki atamfar ta sa a hammata, ta shiga mota, ta matsa jikin taga ta bar mini wuri.